Kashi 30 cikin 100: wa zai tsare dajin, wa zai ci amfaninsa?

Ɗalibar Samaru

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na Zariya da kewaye. Akwai maganar da nake so mu tattauna, tunda a cikinmu akwai waɗanda suka yi aikin daji har suka yi ritaya, akwai manoma, akwai kuma masana shari'a. A watan Disamba na 2022 ƙasashen duniya kusan 200, har da Nijeriya, suka amince a birnin Montreal na Kanada cewa kafin 2030 za su sanya kashi 30 cikin 100 na tudu da koguna da tafkuna, da kuma kashi 30 cikin 100 na teku, a ƙarƙashin kariya. Abin da ya tayar da hankalin duniya har aka kai ga haka sananne ne. Wani babban rahoto da kwamitin masana na ƙasa da ƙasa ya fitar a 2019 ya ƙiyasta cewa nau'in dabbobi da tsirrai kusan miliyan 1 na cikin haɗarin ƙarewa, ita kuma Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce tsakanin 2015 da 2020 ana sare daji kimanin hekta miliyan 10 a kowace shekara, kuma a shekaru goman da suka ƙare a 2020 babu nahiyar da dajinta ya ragu kamar Afirka. Abin da ban gamsu da shi ba shi ne maganin da aka kawo. Idan aka ce a keɓe kusan sulusin ƙasa, gonar wa za a keɓe, makiyayar wa za a rufe? Kuma shin killace wuri shi ke ceton abin da ke cikinsa?

Baba Malamin Daji

Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi miki albarka. Keɓe daji ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, domin dajin Kamuku na Birnin Gwari tun 1936 aka mai da shi gandun daji, kafin gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1999, Yankari kuwa tun 1956 aka keɓe shi. Abin da matasa ba su gani ba shi ne irin wahalar da ke cikin riƙe gandu. A zamaninmu kowane gandu yana da turakun siminti a kan iyakarsa, kuma da zarar damina ta ɗauke, kafin ciyawa ta bushe ƙayau, sai mu fita da leburori mu share layin wuta mai faɗi kewaye da shi, sannan mu sa wutar farko da gangan a lokacin da ƙasa ke da sauran laima, domin wutar da maharba za su cinna a tsakiyar hunturu ta tarar babu abin da za ta ci. Malamin daji yana zagaye a kan kekensa, ya san dagacin kowane ƙauye, ya san wanda ya ɗora amya a kan wace bishiya. Takardar da ta kafa gandu kuma takan lissafa haƙƙin mutanen kewaye, irin su ɗibar busasshen itace da yankan ciyawar jinka da sassaƙen magani da hanyar zuwa mashaya.

Yau Kamuku da Rugu da Kuyambana da Falgore da Sambisa, sunayen da a da a ofishin daji kaɗai ake ambatonsu, a labaran tsaro ake jin su. Dalili kuwa shi ne an keɓe su sannan aka juya musu baya, babu ma'aikaci, babu mota, babu hanya, sai ɓata-gari suka tarar da gida babu kowa suka tare. Saboda haka ni ina goyon bayan kashi 30 ɗin nan, amma da sharaɗin a fara da raya gandayen da muke da su a takarda kafin a ja sabon layi a taswira.

Alhaji mai noman rani, bakin Galma

Baba, Allah ya ƙara girma, ina neman afuwa, amma mu manoma ba haka muka san malamin daji ba. Abin da muka tashi muka tarar shi ne mutum ya sare reshen bishiyar da ke tsakiyar gonarsa ta gado, a kai shi ƙara, a ci shi tara. Da haka iyayenmu suka koyi cewa bishiya a gona jan magana ce, in sun ga ɗan tsiron marke ko kirya sai su tumɓuke shi tun yana ƙarami, kafin ya girma ya zama na hukuma. Ɗorawa da kaɗanya da kuka da tsamiya ne suka tsira, saboda kalwa da man kaɗe da miya da kunu, su ma in ka duba gonakin hanyar Shika ko ta Jos duk tsofaffi ne, da wuya ka ga ƙarama tana tasowa a kusa da su.

Harkar albasa ta sha kai ni yankin Maraɗi, kuma abin da na gani can ya ba ni mamaki, domin ƙasar da ba ta samun ruwan da Zazzau ke samu, sai ga gonakin gero cike da gawo da kalgo da sabara. Na ɗauka dashe ne na gwamnati, ashe ko ɗaya. Kututturen da ke cikin ƙasa, wanda kowace bazara yake tofo mu kuma mu sassabe mu ƙone, shi suke bari. Manomi zai tsuguna a gindinsa ya zaɓi tofo biyu ko uku masu ƙarfi da suka miƙe, ya datse sauran, ya kakkaɓe ƙananan rassan ƙasa har zuwa rabin tsawon sandar, sannan ya ci gaba da nomansa. Saiwar tsohuwa ce, ta riga ta kai ga ruwa, don haka ba ta neman ban ruwa kuma fari ba ya kashe ta. Gawo kuwa kowa ya san halinsa, da damina yake zubar da ganye ya bar wa gero rana, da rani ya yi kore ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya. Da na tambayi wani dattijo abin da ya sa suka fara bari, amsarsa a taƙaice ita ce sun samu tabbacin cewa itacen nasu ne, babu mai zuwa ya ci su tara a kansa.

Ɗalibar Samaru

Kawu, abin da ka gani an auna shi. Wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ne ya fara yaɗa dabarar a yankin Maraɗi daga 1983, kuma hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna cewa ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da bishiyoyi wajen miliyan 200. A gwada wannan da shirin Babbar Ganuwar Bishiyoyi da Tarayyar Afirka ta ƙaddamar a 2007 da burin gyara hekta miliyan 100 kafin 2030, wanda rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce abin da aka cim ma a yankin shirin bai wuce hekta miliyan 4 ba. Bikin dashen itatuwa ba ya wuce kwana ɗaya, amma shukar tana bukatar mai shayar da ita da mai kare ta daga awaki har shekara uku, kuma ba a cika samun wannan mutumin ba idan ba shi zai mallaki bishiyar ba.

Baba Malamin Daji

Alhaji, ban musa maganarka ba, kuma tarar da ake ci a kan itacen gona ni ma ban taɓa ganin hikimarta ba. Sai dai gona dabam, daji dabam. Gawo dubu a gonar gero ba za su riƙe giwa ko ɓauna ko gwanki ba, waɗannan sai daji mai faɗi wanda garma ba ta shiga. Sannan ina so masu cewa a bar wa jama'a komai su tuna da abin da ya sami madobiya. Wannan itace da muka sani da jan ƙaro da ganyen da Fulani ke sara wa shanu da rani, kwatsam sai 'yan kasuwar ƙasar Sin suka buɗe masa kasuwa saboda kayan ɗaki masu tsada, kuma cikin 'yan shekaru aka kwashe shi daga dazukan Kogi da Taraba da makwabtansu, tirela bayan tirela zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas. Su wa suka nuna wa masu injin yanka inda manyan suke? Su wa suka karɓi kuɗin? Akwai mutanen gari a ciki, akwai masu unguwanni, akwai ma'aikata. Abin bai lafa ba sai da yarjejeniyar duniya mai kula da cinikin halittun da ke cikin haɗari ta sanya madobiya cikin jerinta a 2017, sannan a 2018 aka dakatar da sayen ta daga Nijeriya. Idan kuɗi mai yawa ya shigo ƙauye da talauci ya yi wa katutu, al'ada ita kaɗai ba ta iya tare shi, dole sai da hukuma mai haƙori.

Barista daga unguwar Kongo, Zariya

Ina ganin Baba da Alhaji duk a kan abu ɗaya suke magana, wato wa ke da iko a kan bishiya, kuma wa zai tsaya masa idan wani ya zo ƙwacewa. A Nijeriya Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, mutanen ƙauye kuwa haƙƙin zama da amfani kawai suke da shi, kuma dajin da ke bayan garinsu galibi babu wata takarda da ta ce nasu ne. Mutumin da ya san cewa gobe ana iya ba wani kamfani dajin nan ba tare da an tambaye shi ba, in mai sayen madobiya ya zo yau, hankali ma cewa zai yi ya sayar kafin wani ya riga shi.

Akwai ƙasashen da suka gwada wata hanya. Nepal ta yi doka a 1993 da ta ba ƙungiyoyin mutanen ƙauye damar karɓar daji daga gwamnati, su tsara yadda za a sara, su riƙe kuɗin, gwamnati kuma ta riƙe mallakar ƙasar da ikon karɓewa idan aka saɓa sharaɗi. Daji ya tashi daga kimanin kashi 26 cikin 100 na ƙasar a 1992 zuwa kimanin kashi 45 a 2016, ko da yake ƙaurar matasa zuwa ƙasashen waje ita ma ta rage wa dajin nauyi. Kosta Rika kuma tun ƙarshen shekarun 1990 take biyan masu filaye kuɗi don su bar daji a tsaye, daga harajin man fetur, kuma dajinta da ya faɗi zuwa kusan rubu'in ƙasar a shekarun 1980 yanzu ya haura rabi. Elinor Ostrom, wadda ta samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009, ta shafe rayuwarta tana nazarin irin waɗannan wurare, kuma abin da ta tarar a inda aka yi nasara shi ne iyaka sananniya, dokoki da masu amfani da wurin suka sa hannu wajen yin su, masu sa ido daga cikinsu, hukunci da ke farawa da sauƙi yana ƙaruwa, da gwamnatin da ta amince da ikonsu.

Game da tsoron da ƙanwata ta bayyana, rubutun yarjejeniyar Montreal ya ambaci mutunta haƙƙin mazauna wuri na asali, kuma ya yarda a ƙirga wuraren da jama'a ke kulawa da su ko da ba gandun gwamnati ba ne. Amma rubutu bai hana abin da ya faru a Loliyondo ta Tanzaniya a 2022 ba, inda aka tashi Masai makiyaya daga makiyayarsu da sunan keɓe wuri domin namun daji.

Malam na cikin Birni

Barista, Allah ya saka da alheri. Ina so in ƙara cewa wannan tambaya malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna ta a babin hima, wato filin da shugaba ke keɓewa domin maslahar jama'a. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza. Abin lura shi ne umarnin da Umar ya ba wanda ya ɗora a kan wurin, cewa ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, amma ya tare garken manyan attajirai, domin su in dabbobinsu sun halaka suna da gonaki da dabino, talaka kuwa in nasa sun halaka wurin shugaba zai zo da 'ya'yansa. Mu a yau sau da yawa akasin haka muke yi, a kori mai ɗibar ƙirare, a buɗe wa mai tirela. Haka nan burtali da makiyaya da hurumin gari duk keɓewa ce da kakanninmu suka yi, har gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar makiyaya a 1965, kuma kowa ya ga abin da ya biyo baya da aka bari aka nome su.

Ɗan Haɗeja mazaunin Tudun Wada

Gaisuwa ga iyaye da malamai. Duk abin da aka faɗa a kan daji ne, ni kuwa ina so in kawo dausayi, domin a can shinge ba ya aiki, ikon mutanen gari ma ba ya isa. Dausayin Haɗeja da Nguru ambaliya ce rayuwarsa. Idan kogin Haɗeja da na Jama'are suka kawo ruwa daga watan Agusta, sai ya malale fadamu, kifi ya shiga ya hayayyafa, a shuka shinkafa, in ruwa ya fara janyewa a bi laimar da wake da masara da kayan lambu, daga baya shanu su shigo su ci ciyawa, ruwan da ya nutse kuma shi ke cika rijiyoyi har can nesa. Tsuntsaye masu tasowa daga Turai su ma a nan suke cin hunturu, shi ya sa tafkin Nguru ya zama wuri na farko da Nijeriya ta sanya a 2000 cikin yarjejeniyar kare dausayi da aka ƙulla a garin Ramsar na Iran a 1971, daga baya aka ƙara Baturiya da Dagona.

Sai aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992. Ambaliyar damina ta ragu, ruwan da ake saki kaɗan-kaɗan duk shekara kuma ya hana magudanan ruwa bushewa da rani, wanda shi ne ainihin abin da ciyawar kacala ke so. Wanda bai ga kacala ba ba zai gane ba. Ta fi tsawon mutum, ta yi cunkus har kwalekwale ba ya ratsa ta, ta toshe hanyar ruwa ya koma ya cinye gonakin wasu yayin da na wasu ke ƙonewa da ƙishi, sannan tsuntsun jan baki ya samu wurin kwana a cikinta, da asuba ya tashi ya faɗa wa gero da shinkafa. Masana tattalin arziki sun yi lissafi tun farkon shekarun 1990, suka tarar cewa amfanin da ake samu daga kowane ma'aunin ruwa a dausayin, idan aka haɗa noma da kifi da itace, ya fi wanda ake samu daga noman rani na sama nesa ba kusa ba. Sunan Nguru yana cikin jerin duniya, amma wanda ke murɗa famfon Tiga yana can ɗaruruwan kilomita daga wurin. Ba mu kaɗai ba ne kuma, domin rahoton da ofishin yarjejeniyar Ramsar ya fitar a 2018 ya ce duniya ta rasa kusan kashi 35 cikin 100 na dausayinta tsakanin 1970 da 2015, saurin da ya ninka na daji sau uku.

Alhaji mai noman rani, bakin Galma

Ɗan'uwa, na tausaya, amma a yi wa Tiga adalci, domin shinkafa da tumatirin Kura da Kadawa da ruwan shan Kano duk daga can ne, kuma ba wanda zai ce a rushe ta. Abin da ya kamata shi ne a riƙa sakin ruwa mai yawa a lokacin damina yadda zai yi kama da ambaliyar da, kuma masu zama a ƙasa su samu kujera a inda ake yanke shawarar. Mu ma nan ba mu tsira ba. Muna noma har bakin gaɓar Galma da Kubanni ba mu bar ko taku goma na ciyawa ba, ruwan sama na kwashe ƙasar gona yana zubawa cikin dam, masu haƙar yashi na cin gindin gaɓa, kuma har yanzu akwai masu zuba gubar gamalin a ruwa don su kwashi kifi a yini ɗaya, su kashe babba da ƙarami har da ƙwai.

Hajiya mai kifi, Sabon Gari

Sallama ga kowa. Ni teku ban taɓa ganinta ba, amma daga cikinta nake ci, domin katan ɗin shawa da titus da nake saro wa daga masu ɗakin sanyi duk jirgi ne ke kawo su. Abin da na lura da shi a sana'ata shi ne kifin yana ƙara ƙanƙancewa a cikin katan, kuɗinsa kuma yana hawa, har mai sayen guda ya koma sayen yanka. Na san canjin dala yana ciki, amma ina so 'yata ta gaya mini ko tekun ma kifinta ƙarewa yake. Sannan ina roƙon Baba Malamin Daji, idan ana maganar masu sare daji a riƙa tunawa da mu mata. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, gas ya fi ƙarfin gidaje da yawa, matan da na sani da suka daina girki da gawayi sun koma masa. Kirya da marke da ake ƙonawa a daji a loda a buhu, a tukunyarmu suke ƙarewa, kuma ba don muna ƙin daji ba ne.

Ɗalibar Samaru

Mama, tekun ma tana gajiya. Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce fiye da sulusin tarin kifayen teku da ake sa wa ido ana kama su fiye da yadda suke iya hayayyafa. Misalin da ya fi shahara shi ne na gabashin Kanada, inda aka shafe ɗaruruwan shekaru ana kamun kifin kod, irin wanda ake busarwa a Norwe a kawo Nijeriya, har manyan jirage masu jan koma a ƙasan teku suka ƙarar da shi. A 1992 gwamnati ta hana kamun, dubun-dubatar mutane suka rasa sana'a, kuma sai a 2024 aka sake buɗewa, shi ma da ɗan ƙaramin kaso. A gaɓar Afirka ta Yamma kuwa akwai masana'antu a Muritaniya da Senigal da Gambiya da ke niƙa ƙananan kifayen da talaka ke ci, su mai da su gari da mai, a fitar waje a ciyar da kifin kiwo da dabbobi.

An fara ɗaukar mataki. A 2022 Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya, ƙarƙashin Dakta Ngozi Okonjo-Iweala, ta cim ma yarjejeniyar hana gwamnatoci tallafa wa jiragen da ke satar kifi ko kamun wanda ya riga ya yi ƙaranci. A 2023 kuma aka amince da yarjejeniyar tsakiyar teku, wato yankin da ya wuce ikon kowace ƙasa, wanda ya kai kusan kashi biyu cikin uku na tekun duniya, domin a samu damar keɓe wurare a can ma. A nan maganar Baba ta fi ƙarfi, tunda babu ƙauye a tsakiyar teku da zai sa ido. Amma a bakin gaɓa maganar Kawu ce ke ci. A Kabo Pulmo ta Meziko masunta ne da kansu suka nemi a rufe wurin kamunsu a 1995, su ne kuma suka tsare shi, cikin shekaru goma nauyin kifin wurin ya ninka fiye da sau huɗu. Mu ma mun san wannan, domin a Argungu akwai Sarkin Ruwa, kuma ba a shiga Matan Fada da koma sai ranar su, shi ya sa ake fito da giwan ruwa da sai an taru a ɗaga. Gaɓarmu ta Neja Dalta kuwa tana da dajin itatuwan ruwan gishiri mafi girma a Afirka, inda ƙananan kifi da jatan lande ke girma, amma rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya ce gyaran ɓarnar malalar mai zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30.

Likitan dabbobi, Zangon Shanu

Ina da tambaya ɗaya ga duk wanda ya haura shekara arba'in. Yaushe rabonku da ganin ungulu a mayanka ko a kan rimin cikin Birni? Ungulun nan da muka raina, tun 2015 aka sanya ta cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa, kuma abin da ke cinye ta a yankinmu shi ne guba da cinikin kanta da sassanta domin tsibbu. Indiya ta riga mu ganin ƙarshen wannan hanya. A shekarun 1990 ungulayenta suka ragu da fiye da kashi 95 cikin 100 saboda wani maganin ciwo mai suna dikulofenak da ake yi wa shanu allura, wanda ke lalata ƙodar ungulu idan ta ci mushen. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan banza suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru, sai a 2006 aka hana amfani da maganin ga dabbobi. Ungulu ba ta san iyakar gandu ba, don haka ko an keɓe rabin Nijeriya, in ba a gyara abin da ke faruwa a kasuwa da kantin magani ba, ba za ta dawo ba.

Baba Malamin Daji

Hajiya, na karɓi gyara, kuma maganar gawayi ba za ta warware da kame ba muddin babu abin girki mai araha. A da akwai gandayen itacen wuta na darbejiya da turare da ake shukawa kusa da garuruwa, a sare wani sashe kowace shekara ya sake tofo, kuma ban ga abin da zai hana ƙananan hukumomi su koma wa wannan ba. Amma Barista, ƙasashe masu arziki sun yi alkawari a Montreal cewa za su riƙa ba ƙasashe masu tasowa aƙalla dala biliyan 20 a shekara kafin 2025, su kai biliyan 30 kafin 2030. Ni burina ɗaya ne, in ga wani abu daga ciki ya sauka a hannun ma'aikacin da ke kwana a daji, takalmi da babur da albashi a kan kari.

Alhaji mai noman rani, bakin Galma

Barista, ga wata matsala da dabarar Maraɗi za ta ci karo da ita a nan. Gonaki da yawa a kewayen Zariya yanzu haya ne ko aro ko jingina, mai gonar yana cikin gari ko yana Kaduna. Idan na karɓi gona haya ta shekara biyu na bar gawo ya taso, na wa ne?

Barista daga Kongo

A bisa al'ada, Alhaji, bishiya tana bin mai ƙasa, kuma da yawan masu gonaki ba sa ma yarda ɗan haya ya dasa ko ya raini itace, saboda tsoron kada wata rana 'ya'yansa su nuna bishiyar su ce shaidar mallaka ce. Mafita ita ce a rubuta a takardar haya, a gaban mai unguwa da shaidu, cewa gona da gindin bishiya na mai ƙasa ne, amma rassan da aka datse da 'ya'ya da ganye na ɗan haya ne muddin yana nomawa, kuma in zai tashi a ƙiyasta masa ladan abin da ya raina. Shekara biyu dai ta yi kaɗan, domin kalgo da sabara za su ba ka itacen girki a cikinta, amma gawo ba zai yi 'ya'ya ba. Idan za ka sabunta hayar bana, ka nemi ta shekara biyar ko fiye, ka kuma sa a ƙirga kututturan da ke gonar a rubuta adadinsu kafin ka sa hannu.